Dazuzzukan da Ƙanƙara Ta Binne: Bitar Littafin Cantrill da Poole

Wanda duk ya taɓa jin labarin Antatika ya ji an ce a da can akwai daji a wurin. Akan faɗi maganar a matsayin abin al'ajabi, a riƙe baki, a wuce. Littafin The Vegetation of Antarctica through Geological Time, wanda David Cantrill da Imogen Poole suka rubuta, maɗaba'ar Jami'ar Kambirij ta fitar a 2012, bai yarda a wuce haka nan ba. Ya tsaya ya tambaya: wane daji, na yaushe, waɗanne itatuwa ne suka yi rumfa a sama, me ke tsirowa a gindinsu, me ya kashe su, wa ya gaje su? Amsar da ya shimfiɗa a shafi kusan 500 ita ce dazuzzuka ne iri-iri suka yi zamani a wannan nahiya, wani bayan wani, tsawon shekara kusan miliyan 400, kuma kowanne da kamanninsa. Wannan shi ne abin da ya sa nake ganin girman littafin.

Sai an san halin da nahiyar ke ciki a yau sannan za a gane wuyar aikin. Tsirrai masu fure 'yan asalin wurin iri biyu ne tak, wata ciyawa da wani ɗan tsiro mai lafewa a ƙasa, sauran sai gansakuka da danginta. Ƙasar da ƙanƙara ba ta rufe ba ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ke nan duk tarihin da ake son karantawa, daga 'yan kawunan duwatsu da bakin gaɓa da tsibirai ake tsinto shi, sai kuma abin da aka haƙo daga ƙarƙashin teku. Marubutan biyu sun dace da juna a wannan fage. Cantrill, na lambun binciken tsirrai da ke Malbon a Ostareliya, ya daɗe yana aiki a kan ganyayen da suka bar shaidarsu a jikin dutse. Ita kuwa Poole gwana ce wajen yanka itacen da ya koma dutse siriri, ta duba shi a madubin ƙara girma, ta faɗi danginsa daga tsarin jijiyoyinsa.

Littafin ya fara da tarihin masu tsintar duwatsun, kuma ya kyauta da ya yi haka, domin an sha wuya kafin a samo su. A 1903 jirgin ayarin Suwidin da Otto Nordenskjöld ya jagoranta ya nutse bayan ƙanƙara ta matse shi. Gunnar Andersson da abokansa biyu suka maƙale a Hope Bay, suka yi hunturu a wata bukka da suka gina da duwatsu, kuma daga wannan wuri ne aka samo ganyayen da Thore Halle ya yi bayaninsu a 1913. A Fabrairun 1912, Kyaftin Scott da mutanensa suna dawowa daga ƙuryar kudancin duniya, ga yunwa ga gajiya, suka tsaya a gindin Dutsen Buckley, a saman kogin ƙanƙara na Beardmore, suka ɗebi samfuri. Duwatsu masu nauyin kilo 16 aka tarar tare da gawawwakinsu a Nuwamban shekarar. Da Albert Seward na Kambirij ya bincika su a 1914, sai ga ganyen Glossopteris, wanda aka riga aka sani a Indiya da Ostareliya da Afirka ta Kudu. Wannan ganye mai siffar harshe ya shiga cikin hujjojin da suka tabbatar cewa waɗannan ƙasashe a haɗe suke a da, cikin babbar nahiyar Gondwana.

Babin da ya fi riƙe ni shi ne na wannan itace. Bayan wata tsohuwar ƙanƙara ta narke, kimanin shekara miliyan 290 da suka wuce, Glossopteris ya mamaye fadamun kudancin Gondwana, ganyensa ya yi ta zuba yana taruwa har ya zama kwal ɗin da ake gani a Tsaunukan Tsakiyar Antatika. A wasu wurare, kamar Skaar Ridge, ruwa mai ɗauke da ma'adini ya ratsa ruɓaɓɓen ganyen fadamar ya mai da shi dutse tun bai gama lalacewa ba. In aka yanka irin wannan dutse ana ganin saiwa da ramukan iskar da ke cikinta, irin na itacen da ke rayuwa cikin ruwa, ana ganin iri, har da zaren naman gwari da ke cin itacen. A wasu wuraren kuma kututtura ne tsaye a inda suka tsiro, ana iya auna tazarar da ke tsakaninsu a san yawan itatuwan dajin. Sai ga babbar halakar da ta auku shekara miliyan 252 da suka wuce, ta share Glossopteris gaba ɗaya. An ɗauki tsawon lokaci babu kwal a jerin duwatsun, kafin wani daji daban ya kafu, na Dicroidium mai ganye mai rassa biyu. Marubutan sun bi wannan sauyi daki-daki, ba su yi gaggawa ba.

Akwai wani abu da zafi ko sanyi ba ya sauyawa, shi ne hasken rana. Nahiyar ta daɗe tana kusa da inda take a yau, don haka waɗannan itatuwa sun yi rayuwa a inda rana ke faɗuwa ta yi makonni ko watanni ba ta fito ba, in ta fito kuma ta yi watanni ba ta faɗi ba. Babu daji irin wannan a doron ƙasa yanzu, domin a inda duhun ya fi tsawo sanyi ya hana manyan itatuwa tsayawa. Zobban shekara da ke cikin kututturan suna da faɗi, alamar itacen yana girma da sauri a watannin haske sannan ya tsaya cik. An daɗe ana ɗauka cewa dole irin wannan itace ya zubar da ganye in duhu ya zo, don kada ya cinye abincin da ya tara. Gwajin da David Beerling da abokan aikinsa suka yi a Sheffield ta Ingila, wanda aka buga sakamakonsa a 2003, ya girgiza wannan zato: sun reni itatuwa a ɗakuna masu kwaikwayon hasken ƙuryar duniya, suka ga cewa asarar mai zubar da ganye ta fi ta mai riƙe ganyensa cikin duhu nesa ba kusa ba. Abin da duwatsun Antatika ke nunawa shi ne an yi masu zubarwa, an yi masu riƙewa, wani lokaci a daji ɗaya. Ina son yadda littafin ya bar shaidar dutse ta yi magana a nan, bai tilasta mata bin ra'ayi ɗaya ba.

Daga nan labarin ya koma zirin ƙasar da ya miƙe ya nufi Kudancin Amurka. A Tsibirin Alexander, inda shi Cantrill ya yi aiki da hannunsa, akwai dajin da ya kai shekara miliyan 100: dogayen itatuwa masu ganye kamar allura a sama, dangin ginkgo a bakin koguna, ƙasa kuma shimfiɗe da tsirrai marasa fure masu son laima, iri-iri masu yawa. Masu fure a lokacin baƙi ne, 'yan kaɗan. Sannu a hankali suka shigo ta ƙasan daji, suka ture na da, har zuwa lokacin da Nothofagus ya zama sarkin wurin. Wannan itace yana nan da ransa a Cile da Ajantina da Tasmaniya da Niyu Zilan, kuma rarrabuwarsa a ƙasashen da teku ya raba ba ta fahimtuwa sai an sa Antatika a tsakiya a matsayin gada. Marubutan sun kwatanta dajin wancan zamani da na Baldibiya a kudancin Cile, mai ruwan sama da duwatsu masu aman wuta, kwatancen kuma ya zauna.

Ƙarshen dajin ya zo ne da buɗewar mashigun teku da suka raba nahiyar da Ostareliya da Kudancin Amurka, da raguwar iskar kabon a sararin sama. Kimanin shekara miliyan 34 da suka wuce babbar ƙanƙara ta kafu. Amma tsirrai ba su miƙa wuya nan take ba. A Oliver Bluffs, kimanin kilomita 500 daga ƙuryar kudu, an samo ganye da rassan wani Nothofagus da ya koma ɗan tsiro mai rarrafe a ƙasa, reshensa siriri, zobensa a matse ƙwarai saboda ƙarancin girma. Masana sun yi ta jayayya a kan shekarunsa, wasu na cewa miliyan uku zuwa huɗu, wasu na cewa ya haura miliyan 14, kuma jayayyar ba ƙarama ba ce, domin a kanta ake gina hukunci ko ƙanƙarar gabashin nahiyar ta taɓa narkewa a zamani na kusa.

Littafin yana da nauyi, ba zan ɓoye ba. An rubuta shi don masu bincike, sunayen Latin sun cika shi, bayanin duwatsu kan yi tsawo kafin a iso ga tsirrai, kuma mai karatun da bai saba ba zai gaji a hanya. Wanda ke son labari mai daɗin bi ya fara da babin dazuzzukan Antatika a littafin Beerling na 2007, The Emerald Planet, sannan ya dawo nan ya ga tushen maganar. Haka kuma rabin tarihin ya karkata ga zirin arewa da tsibiransa, waɗanda yawancinsu ba su kai can cikin duhu ba. Wannan ba laifin marubutan ba ne, can ne duwatsun suka fito fili, amma mai karatu ya riƙe shi a rai kada ya ɗauki dajin bakin gaɓa a matsayin hoton nahiyar duka. Na kuma so a ce sun ware wuri mai faɗi sun jera dazuzzukan kudu da na arewacin duniya, irin kututturan Tsibirin Axel Heiberg na Kanada, tunda matsalar duhun ɗaya ce.

Bincike bai tsaya ba tun fitowarsa. A shekarar 2012 ɗin aka buga sakamakon haƙan da aka yi a teku gaban Wilkes Land, inda aka samu ƙurar fure, irin wadda ke tashi daga bununin gero, mai shekara fiye da miliyan 50. A cikinta akwai ta dangin dabino da giginya, da ta dangin kuka da rimi, itatuwan da ba su jure daskarewa, abin da ya nuna ko a tsakiyar duhun hunturu zafin wurin ya haura digiri 10. A 2020 kuma Johann Klages da abokan aikinsa suka ba da rahoton ƙasar daji mai cike da saiwoyi da aka haƙo daga Tekun Amundsen, mai shekara kusan miliyan 90, daga wurin da a lokacin bai wuce kilomita 900 daga ƙuryar kudu ba. Duka binciken biyu sun zauna daidai cikin tsarin da Cantrill da Poole suka shimfiɗa, sun kuma cike giɓin da na ambata, na can cikin nahiya da gabashinta. Sun isa dalilin da zai sa maɗaba'ar ta nemi marubutan su sabunta littafin a bugu na biyu.