Wasan Capek Da Makomar Ma'aikata

A cikin shekara ta 1920 wani marubuci mutumin ƙasar Cekoslobakiya, mai suna Karel Capek, ya wallafa wani wasan kwaikwayo da ya sa wa suna R.U.R., watau haruffan farko na sunan kamfanin da a ke ba da labarinsa a ciki. An nuna shi a babban gidan wasa na birnin Prag cikin Janairu 1921, kafin ƙarshen 1923 kuwa ya kai Amurka da Ingila. Daga wasan nan ne duniya ta sami kalmar "robot". Wansa Josef, wanda ya ke mai zane ne, shi ya ba shi shawarar sunan, daga wata kalma ta harshensu mai nufin aikin tilas da talakawa su ke yi wa iyayen gijinsu a gona ba lada. Tun da ya ke yanzu ana ta maganar ƙirƙirarriyar basira da abin da za ta yi wa masu neman abinci da aikinsu, ya kamata a sāke duba wasan, a auna inda mai shi ya yi daidai da inda ya gaza.

Ga yadda labarin ya ke. A wani tsibiri akwai ma'aikata inda a ke ƙera ma'aikatan ƙarya. Ba da ƙarfe a ke yinsu ba, da wani haɗi ne mai kama da tsokar mutum, wanda wani tsohon masani mai suna Rosum ya gano. Suna da ƙarfi da hadda, ba sa neman lada, ba sa jin daɗi ko ɓacin rai, har injiniyan wurin ya ce guda ɗaya ya kan yi aikin mutum biyu da rabi. Manajan kamfanin, Hari Domin, ya yi imani cewa cikin shekara goma hatsi da tufafi za su yi yawa har su rasa kuɗi, talauci ya ƙare, ɗan Adam ya huta da wahala. Sai wata budurwa mai suna Helina ta zo tsibirin don ta nema wa bayin nan 'yanci, amma ta ƙare da auren Manajan. Bayan shekara goma gwamnatoci sun mai da bayin sojoji, mata sun daina haihuwa, likitan ma'aikatar kuma ya ƙara wa waɗansunsu ji da tunani bisa roƙon Helina. Daga nan suka yi tawaye. Helina ta ƙone takardun asirin ƙirarsu, su kuma suka hallaka mutane duka, sai magini Alkwist kaɗai suka bari, don sun ga yana aiki da hannunsa kamarsu.

Abu na farko da ya cancanci yabo shi ne Capek bai mai da Manajan mugu ba. Mutum ne mai kyakkyawar niyya, ya tsani ganin mutum yana bauta wa mutum saboda abinci. Da a ce azzalumi ne, da mai kallo ya tafi gida hankali kwance, yana cewa laifin mugun mutum ne. Da aka sa ɓarnar a hannun mai son alheri, sai ya zama dole a nemi tushenta a wani wuri. Mai kula da cinikin kamfanin shi ya faɗi tushen a lokacin da bayin suka kewaye gidan: ya nuna cewa masu saye ne suka yi ta nema, kamfani kuwa ya yi ta ƙerawa, babu wanda ya iya tsayawa. Wannan magana ta dace da yau ƙwarai. Tun da aka fito da ChatGPT cikin Nuwamba 2022, manyan kamfanonin Amurka da na Sin su ke rige-rige, kowanne yana tsoron in ya sassauta abokin gasarsa ya wuce shi.

Abu na biyu shi ne maganar magini. Shi kaɗai a cikin shugabannin ya ce akwai wani alheri a cikin aiki da gajiya, wanda mutum zai rasa in an ɗauke masa su. Hausawa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a nan, gama mutum da sana'arsa a ke kiransa, a ce Maƙeri, ko Majemi, ko Sarkin Aska. Wanda aka raba da aikinsa, ko da an ci gaba da ba shi tuwo, an rage masa wani abu a idon jama'a. Masanin tattalin arziki na Ingila, Keynes, ya yi irin hasashen Manajan cikin 1930, ya ce jikokinsu za su riƙa aikin sa'a 15 kawai a mako. Dukiya ta ƙaru kamar yadda ya ce, amma hutun bai zo ba, kuma rabon dukiyar bai yi daidai ba.

To, amma wasan yana da aibi, kuma ba ƙarami ba ne. Labari ne a kan ma'aikata, duk da haka babu ma'aikaci ko ɗaya da ya rasa aikinsa da aka fito da shi gaban masu kallo. Da baki kawai aka ambata cewa leburori sun tashi sun farfasa bayin, aka ba bayin makamai suka murƙushe su. Sauran duk hirar manajoji ce a cikin ɗaki. Talaka ɗaya tak da a ke ji ita ce Nana, baranyar Helina, ita ma an mai da ita mai yawan tsoro da mita. Alhali kuwa a wurin nan ne ciwon ya ke. A Ingila masu saƙa da hannu sun haura 200,000 wajen 1820. Da injin saƙa ya yaɗu ladansu ya yi ta faɗuwa, cikin shekara arba'in sana'ar ta kusa ƙarewa. Jikokinsu sun sami tufa mai araha da aiki iri iri, amma su kansu cikin yunwa suka tsufa. Marubucin da ya tsallake wannan zango ya faɗa kan ƙarewar duniya ya ɗauki hanya mai sauƙi, gama tashin duniya ya fi daɗin nunawa a dandali bisa ga magidancin da aka sallama yana tunanin kuɗin haya.

Aibi na biyu, Capek ya ɗauka cewa inji zai maye gurbin mutum ɗungum. Abin da aka gani ya bambanta. An sa robot na farko aiki a ma'aikatar motoci ta General Motors cikin 1961, har yau kuwa akwai mutane a ma'aikatun motoci. Inji ya kan ɗauki wani sashe na aiki ya bar wani. Da aka kawo na'urar ba da kuɗi a bankunan Amurka an zaci masu biyan kuɗi a kanta za su ƙare, amma daga 1980 zuwa 2010 ba su ragu ba, don buɗe reshe ya yi araha, bankuna suka ƙara rassa. Sai daga baya, da ciniki ya koma cikin wayar hannu, suka soma raguwa. Cikin 2013 waɗansu malamai biyu na Jami'ar Oksfod, Frey da Osborne, suka auna sana'a 702, suka ce kashi 47 cikin 100 na ayyukan Amurka suna cikin babban haɗari. An wuce shekara goma ba a ga rabin mutanen Amurka a zaune ba.

Sai dai akwai wurin da wasan ya dace ba da saninsa ba. Mai aikin hannu shi ya tsira a ciki, masu alƙalami suka hallaka. Cikin 2023 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da rahoto cewa aikin akawu shi ne ya fi kowane shiga hannun sabuwar na'urar: kashi 24 cikin 100 na ayyukansa tana iya yinsu sosai, wani kashi 58 kuma tana iya taɓa su. Rahoton ya ce mata abin zai fi shafa, don sun fi yawa a aikin ofis. A shekarar nan kuma marubutan fim na Amurka suka yi yajin aiki kwana 148, ɗaya daga cikin bukatunsu shi ne a sa wa amfani da na'urar iyaka, kuma sun samu. Rubuta wasiƙa, da kwafe takarda, da fassara, da lissafi, su ne na'urar ta fara kamawa, tun ba ta iya ɗora tubali bisa tubali kamar magini ba.

Babban darasin wasan yana cikin sashensa na ƙarshe, ko da ya ke mai shi bai tsaya a kansa yadda ya kamata ba. Asirin ƙira yana cikin takarda guda, a hannun mutane ƙalilan. Da takardar ta ƙone, masanan suka mutu, bayin suka zo wurin magini suna roƙo ya gano musu shi, don su ma shekara ashirin kawai su ke yi su lalace. Ya zauna gaban littattafai da kwalabe ya kasa, gama bai taɓa koyo ba, ba a kuwa taɓa tunanin koya masa ba.  Ilmin da aka kulle a akwati ɗaya, ashana ɗaya ta ishe shi.

A nan ne zamanin yau ya ɗan fi na wasan sa'a. Cikin 2011 malamai biyu, Thrun da Norvig, suka buɗe darasinsu na ƙirƙirarriyar basira na Jami'ar Stanford ga kowa ta intanet kyauta, mutum wajen 160,000 suka rubuta suna daga ƙasashe da yawa, ɗalibai suna amsa wa juna tambaya, waɗansu suna fassara darasin cikin harsunansu. Ba duka suka kai ƙarshe ba, kaɗan ne daga cikinsu, kuma wanda ba shi da lantarki ko kuɗin shiga intanet ƙofar a rufe ta ke gare shi. Duk da haka an ga cewa manya masu iyali suna iya haɗa kai su koya wa juna abin da dā sai a jami'a. Wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemunsa, maƙwabcinsa yana nuna masa baƙi da wasali, ya riga ya san wannan hanya.

Ƙarshen wasan shi ne mafi rauni. Bayi biyu, namiji da mace, suka kamu da son juna, kowanne ya yarda a yanka shi a madadin ɗan'uwansa, sai magini ya sallame su su tafi su zama sabon Adamu da Hawwa'u. Yana da taushi a zuciya, amma bai amsa tambayar da aka ɗauko tun farko ba, watau wa zai ci amfanin aikin inji, me kuma za a yi da wanda aka ture. Capek ya rasu cikin 1938 bai ga kwamfuta ba, saboda haka ba a zarge shi da rashin sanin gaibu. Littafin ya cancanci karatu, musamman ga akawuna da malamai da 'ya'yansu. Sai dai mai karatu ya riƙa tunawa da leburorin da aka bari a bayan labule, ya tambayi hukuma da kamfani abin da suka tanadar wa irinsu, shi kuma ya ci gaba da neman ilmi tun aikinsa yana hannunsa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba mai nema sa'a, amin.