Walƙiyar Kyamara da Hasken Rana

Wata ɗabi'a ta yaɗu tsakanin matasa masu ɗaukar hoton biki da na Salla, wadda, ko da yake ba ta rasa hujja ba, ina ganin ta ƙetare haddi: sai su rage hasken da ke shiga kyamara har sama ta yi duhu da tsakar azahar, sa'an nan su watsa wa amarya filash mai ƙarfi, ta fito goshi na ƙyalli, kamar an yanko ta da almakashi an manna a wani wuri dabam.

Asalin al'amarin larura ce. Duk wanda ya taɓa ɗaukar dattijo sanye da rawani da farar shadda a cikin ranar bazara ya san wahalar: in ya auna haske da riga, fuska ta nutse, inuwar rawani ta binne idanu, in kuwa ya auna da fuska, riga ta ƙone fari fat, aikin wuyanta da maɗinki ya sha wahala a kansa ya ɓace. Don cike wannan inuwa ake kunna filash da rana, kuma ƙa'idarsa ba ta da wuyar fahimta, domin muddin ƙiftawar kyamara ba ta fi 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa sauri ba, wanda shi ne iyakar galibin kyamarori in ana aiki da filash, sauya ta hasken rana kaɗai yake taɓawa, alhali kuwa rabon fuska daga filash yana hannun ƙarfinsa da nisansa, har ma in an ninka nisan sai rubu'in hasken ya rage.

To, da yake mizanin yana hannun mai sana'a, me zai sa ya zalunci rana? Seydou Keïta, mai ɗaukar hoton da ya buɗe wurin aikinsa a Bamako a 1948, da hasken yini ya ɗauki galibin hotunansa a tsakar gida, kuma har yau baƙar fata ba ta cika samun wanda ya fitar da martabarta kamarsa ba. Abin da nake roƙon 'yan'uwa shi ne su fara auna rana, su juya mutum ta kasance a bayansa ko a gefensa, su tausasa filash da laima, su bar shi a nusufi ko rubu'in hasken wurin, gwargwadon yadda ƙwayar ido za ta haskaka, inuwar haɓa kuma ta saura.