Idon da ke karanta tsohon agogo

A watan Oktoba na 2017, kamfanin gwanjo na Phillips ya sayar da agogon hannu ƙirar Rolex Daytona na ɗan wasan fim ɗin Amurka Paul Newman a kan dala miliyan 17.8. Agogon na ƙarfe ne, babu zinariya ko lu'ulu'u a jikinsa. Asali da tarihi ne suka kai shi wannan daraja. To, duk inda asali ya zama kuɗi, sai an sami masu ƙirƙirar sa. Shi ya sa nake jinjina wa mutanen da suka ƙware wajen tantance tsofaffin agoguna, waɗanda za a miƙa wa agogon da ya ba shekara hamsin baya, su jujjuya shi, su faɗi abin da ya fito da shi daga masana'anta da abin da aka cusa masa daga baya.

Jabu tsantsa ba ya ba gwani wahala. Nauyinsa da rubutunsa da injinsa sukan tona shi nan take. Mai wuyar shi ne agogon haɗe-haɗe: fuska ta gaske, inji na gaske, gida na gaske, amma kowanne daga wani agogo daban aka ciro shi. Don haka tambayar da gwani ke yi ita ce: waɗannan sassa tare aka haife su, kuma tare suka tsufa?

Da fuska yake farawa, domin a nan yawancin kuɗin yake. Yakan sa ɗan gilashin ƙara girma a ido, ya bi haruffa ɗaya bayan ɗaya. Bugun masana'anta siriri ne, mai kaifin baki. Fuskar da aka sake wa fenti kuwa, haruffanta kan yi kauri, tazararsu ta kauce, ko alamomin mintoci su ƙi daidaita. Wata baƙar fuskar takan rikiɗe ta koma ruwan ƙasa saboda rana da daɗewa, kuma masu tara agoguna na biyan maƙudan kuɗi a kanta. Saboda haka ne 'yan damfara suke gasa fuska ko su jiƙa ta da sinadari. Gwani ya san yadda tsufan gaske ke bazuwa a hankali, ya san kuma ƙunar dare ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke karanta sinadarin da ke sa agogo haske cikin duhu. Har zuwa farkon shekarun 1960, radiyom ake shafawa a kan lambobi da hannaye. Daga nan aka koma tiritiyom, wanda kamfanonin Siwizalan ke nunawa da harafin T a ƙasan fuska, har zuwa ƙarshen shekarun 1990 da aka kawo sabon sinadari marar tururin nukiliya. Radiyom na ɗaukar kimanin shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, don haka na'urar Geiger mai auna tururin nukiliya za ta yi ƙara a kan agogon 1955 na gaske. Shi kuwa tiritiyom, cikin shekara 12 da 'yan watanni yake raguwa da rabi. Don haka idan aka haska agogon 1968 da fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba takardun kuɗi da ita, aka kashe, sai ya ci gaba da walƙiya kamar sabo, to an taɓa shi. Idan kuma launin hannayen ya yi fari fat alhali na lambobin ya koma ruwan madara, an canza hannayen.

Sai gidan agogon. A tsofaffin Rolex, sai an cire madauri ake ganin lambar ƙira a gefen ƙarfe 12 da lambar siriyal a gefen ƙarfe 6. Gwani kan duba zurfin zanen lambobin, sannan ya shafa kunnuwa huɗun da ke riƙe madaurin. Idan sun sirance, kusurwoyinsu sun dushe, an sha goge agogon da inji, kuma ƙarfen da aka goge ba ya dawowa. Shi ya sa mai 'yan ƙarce-ƙarce da ba a taɓa ba ya fi wanda aka yi wa kwaskwarima tsada.

Daga nan a buɗe murfin baya. Injin dole ya dace da shekarar: Omega Speedmaster, alal misali, inji mai lamba 321 ya ɗauka daga 1957 zuwa wajen 1968, sannan aka koma 861. A cikin murfin ma akan ga 'yan rubuce-rubucen da masu gyara suka zana, shaidar hannayen da agogon ya ratsa. Kamfanin agogo na Patek Philippe kuwa yana da kundin rajista tun 1839, kuma yakan ba da takardar da ke nuna ranar ƙira da ranar sayarwa.

Duk da haka, ko manya sukan faɗa rami. A Nuwamban 2021 an sayar da wani Speedmaster na 1957 a birnin Jeniba a kan sama da dala miliyan 3, kuma kamfanin Omega da kansa ya saya domin gidan tarihinsa. A 2023 kamfanin ya fito ya ce agogon haɗe-haɗe ne, ya kuma zargi tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a ciki. Wannan ya nuna cewa suna da takarda kaɗai ba sa isa shaida; takarda ma ana ƙirƙira, tsohon kwali ana saye.

Wannan ƙwarewa ba ta samuwa sai da haƙuri, da riƙe agoguna masu yawa a hannu, da tsoron faɗin abin da ba a tabbatar ba. Mai niyyar saye, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka nemi a cire madauri, a buɗe murfi, a kai wa masanin da ba shi da kaso a cinikin, ka biya shi ladansa. Dillalin da ya ƙi yarda da haka, ka bar masa kayansa.