Wa Ya Tura? Fim ɗin Fargaba da Tsoron Tonon Asiri a Magarya da Dungas

Akwai wani salon fim da ba ya cin kuɗi da yawa: labarin da ke riƙe mai kallo da zullumi, ba bindiga ba aljani, sai zargi da rashin sanin wa ke leƙen wa. Zuwan intanet ya buɗe masa sabon fili. An shirya Unfriended na 2014 da kimanin dala miliyan 1, labarinsa duka a fuskar kwamfuta, tushensa kuma bidiyon cin mutunci da aka watsa na wata ɗaliba. Searching na Aneesh Chaganty, wanda ya fito a 2018, bai ci dala miliyan 1 ba, amma ya samo sama da miliyan 70. Ƙarancin kuɗin ne ma ya ƙara musu ƙarfi, domin ɗaki guda da fuska guda sun fi matse zuciya.

Idan ana neman inda wannan salo zai zauna daram, a duba Magarya da Dungas a jihar Damagaram. Gundumomin biyu, waɗanda aka raba a 2011, suna jingine da iyakar Jigawa, kuma ta hanyoyin Ɓaɓura da Maigatari kayan Kano ke shigowa, har da fina-finanta. Tun daga Turmin Danya na 1990 ake kallo, daga kaset zuwa faifai, yau kuma a shagon masu tura fim ake cika memori.

Sai dai tsoronmu ba irin na Amurka ba ne. Can ana fargabar baƙon da ke kutse daga nesa. A nan waya ba ta kwana a hannu ɗaya. Tana yini wurin mai caji, tana kwana wurin mai gyara, ƙane ya ara, ƙawa ta duba. Matar da mijinta ya tafi ci-rani Libiya, in ba ta iya karatu ba, dole ta miƙa wa wani ya buɗe mata WhatsApp, ya kuma san lambar sirrinta. Saƙon murya da ta aika don kunne ɗaya na iya zaga gari kafin la'asar. Mai cutar da kai ya san sunan mahaifinka, wataƙila sahu ɗaya kuka yi salla. Wannan ya fi kowane dodo ban tsoro.

Masana'antar Kano ta ɗanɗana wannan da kanta. A 2007 bidiyon sirri na wata 'yar fim ya bazu daga waya zuwa waya. Aka naɗa Abubakar Rabo shugaban hukumar tace fina-finai, aka dakatar da ɗaukar fim na wata 6. Yarinyar ta sha tsinuwa, dubban da suka tura kuwa ba wanda ya tambaye su. Wannan rabon laifi shi ne ya bi labaranmu har yau. Idan hoton budurwa ya fita a fim, abin da aka fi gani shi ne kuka, fasa aure, sannan dattijo ya zo da nasiha cewa ita ta jawo wa kanta. Mai kallo ya tashi yana jin shi mai tsabta ne, alhali a wayarsa akwai irin wannan bidiyo.

A nan ne fim ɗin fargaba ya fi wa'azi amfani. Tambayarsa ita ce: wa ya tura? Da zarar an yi ta, kowa ya shiga zargi: tsohon saurayi, kishiya, yaron shago, aminiyar da ke share mata hawaye. Kyamara ta bar fuskar wadda aka zalunta, ta koma kan yatsan da ke dannawa. Kayan aikin ba su da tsada: shagon caji da dare, ƙarar janareto, saƙon da aka ga an karanta ba a amsa ba, gaisuwar maƙwabta da ta sauya ba dalili. Jerin shirye-shirye irin su Izzar So sun nuna cewa YouTube na kai labari ƙauye ba tare da silima ba.

Akwai kuma abin da irin wannan fim zai koyar ba tare da ɗaga murya ba. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutum a 2017 da dokar yaƙi da laifukan intanet a 2019, amma iyali da yawa sun gwammace su haɗiye baƙin ciki da su je gaban jandarma, don gudun ƙarin abin kunya. Shirun nan shi ke ba mai barazana ƙarfi. Addinin da muke bi ya hana bin diddigin asirin mutane, ya kuma yi alkawarin lada ga mai rufa wa ɗan'uwansa asiri. Matasan Magarya da Dungas da ke ɗaukar gajerun bidiyo da wayoyinsu suna da labarin, suna da wurin. Su shirya fim ɗin da zai sa mai turawa ya gane kansa a ciki, ya ji kunyar da ya saba ɗora wa wasu.