Yanar Idon Kyamara a Maiduguri

Tsofaffin masu hoto na Maiduguri, waɗanda suka yi zamanin Yashica da Zenit suna bin bikin wushe-wushe da hawan sallar Shehu, suna da wata al'ada: a hura wa idon kyamara iskar baki, a goge da gefen riga, sannan a ɗauka. A ganina babu abin da ya cuci gilasan garin nan kamar wannan gogewar.

Idon kyamara ba gilashi ne zalla ba. Akwai wani shafi siriri a kansa, shi ne launin shuɗi ko shunayi da kake gani in ka karkata shi ga rana. Alexander Smakula na kamfanin Zeiss a Jamus ne ya fito da dabarar a 1935, don haske ya ratsa gilashin maimakon ya yi ta tartsatsi a ciki. Shafin tsofaffin gilasai bai kai na yanzu ƙwari ba. To ga ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga Bodele ta ƙasar Chadi, cike da ɓarɓashin yashi. Ka ɗora tsumma a kanta ka murza, ka kankare shafin ke nan da hannunka. Ƙarce ɗaya ba ya hana hoto kyau. Ƙananan ƙarce ɗari na shekara da shekaru su ne ke sa amarya ta fito fari fat, kamar an ɗauke ta a cikin hazo.

Yanar da ke ciki kuwa daban take. Zafin Afrilu, da kan haura digiri 40, yana narka maikon da ke sa gilashi juyawa, tururinsa ya kwanta a ciki. Ka haska tocila ta baya cikin ɗaki mai duhu, za ka gan ta kamar yanar idon tsoho. Wannan tana da magani: mai gyara ya kwance, ya wanke, ta fita.

Sai ambaliyar Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ta zo da matsalar laima. Kyamarar da ta kwana cikin jaka mai laima takan yi funfuna, zare-zare kamar saƙar gizo. In an bar ta ta daɗe, sai ta ci shafin har ta bar tabo a gilashin, kuma wannan tabon ba ya wankuwa.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu goge tabo da man goge baki. Gilashin zai yi ƙyalli a ido, amma shafin ya tafi, kuma ba a mayar da shi a teburin mai gyara.

Matasan da ke ɗaura tsofaffin gilasai a kyamarorin zamani, don Allah ku fara kore ƙurar da ɗan famfon iska kafin tsumma ya taɓa gilashi, ku kuma fitar da su daga jaka da damina su sha iska.