Cikar Aji Ba Ita Ce Ilimi Ba: Sharhi a kan Ma'aunin Nasarar Makarantun Firamare

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan ma'aunin da hukumomi suke auna nasarar makarantun firamare da shi. Tun daga shirin ilimin firamare kyauta na 1976 har zuwa shirin ilimin bai-ɗaya na 1999, hujjar da aka fi kafawa ita ce yawan yaran da aka rubuta da yawan azuzuwan da aka gina. A ganinmu wannan ma'auni gurgu ne, domin yana ƙidaya masu shiga, ba ya tambayar abin da suka fahimta bayan sun zauna.

A zagayen duba ɗalibanmu masu koyon aikin malanta, mun sha tarar da ɗan aji huɗu yana bin malami da jimlar Turanci, amma in aka nuna masa kalma guda a allo sai ya yi tsuru-tsuru. Uban da ya jira shekara huɗu bai ga komai ba, ba mu da bakin zarginsa idan ya mayar da ɗansa gona ko 'yarsa talla.

Nazari biyu sun ƙarfafa wannan ra'ayi. A yammacin Kenya, cikin shekarun 1990, an raba wa makarantu littattafai, amma waɗanda suka amfana su ne yaran da tun farko suke kan gaba, kuma masu binciken sun danganta hakan da cewa da Turanci aka rubuta littattafan. A gwajin Ife kuwa, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, an koyar da yara da Yarbanci shekara shida, Turanci yana darasi guda, kuma ba su kasa takwarorinsu ba ko a Turancin.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen yaro a azuzuwan farko, amma ba a wadata littattafai ba, mu kuma a kwalejoji ba mu horar da isassun malamai ba. Saboda haka soke koyarwa da harshen uwa da aka yi a 2025 hukunci ne a kan abin da ba a gwada shi sosai ba.

Shawararmu ita ce a riƙa gwada kowane yaro karatu da harshensa a ƙarshen aji biyu, a ware wa wanda ya kasa sa'a guda kullum, sannan da wannan sakamako za a auna makaranta.