Maciji, budurwa da jinkirin saurayi: tsokaci a kan fim ɗin *Toula*

1. Gabatarwa

A wannan ɗan nazari za mu duba *Toula ou le génie des eaux*, fim ɗin da Mustafa Alasan (1942-2015) da Anna Soehring suka shirya a 1973. Sun ɗauko labarin daga rubutun Bubu Hama (1906-1982), wanda shi kuma ya samo shi daga gatanar Songai ta yankin Tera. Tambayarmu ita ce: ina ne duhun wannan labari yake, kuma mene ne amfaninsa ga matasa?

2. Zubin labari

Fari ya addabi ƙasa. Boka ya shaida wa sarki cewa macijin tabki ba zai saki ruwa ba sai an ba shi budurwa, kuma Tula ce ƙaddarar ta faɗa wa. Ado, saurayin da ke son ta, ya bazama neman ruwa domin ya kuɓutar da ita. Ya samo ruwan, amma kafin ya komo tabki ya riga ya haɗiye ta.

3. Kwatance

Bahaushe ya san wannan maciji. A labarin Daura, Bayajida ya sare kansa a rijiyar Kusugu, ya auri Daurama. A labarin Wagadu na Soninke, saurayin Siya ya kashe Bida, ya ceci budurwar, amma fari ya tarwatsa ƙasar. A duka biyun takobi ne ke yanke hukunci. A *Toula* kuwa babu takobi. Makamin Ado tafiya ce da bincike. Ke nan mai kallo ya san abin da fada ba ta jira ta sani ba: akwai ruwa, jinin Tula bai zama dole ba.

A ganinmu a nan duhun yake. Macijin bai kai ban tsoro ba kamar manyan da suka amince. Mai kallo daga kwarin Maradi, tun daga Jiratawa har Tibiri, ya san tsafin Anna da Guy Nicolas (1975) ya nazarta, inda akuya ko zakara ke biyan bukatar iskoki. Saboda haka ba saɓon gani ne zai kama shi ba. Zai tambaya wa ya yanke cewa ran mutum za a bayar, kuma ɗiyar wa.

Shekarar fim ɗin tana ƙara wa tambayar nauyi. An shirya shi ana tsakiyar farin Sahel, kuma ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da gwamnatin Jori Hamani, suna zargin ta da sakaci a kan yunwa.

4. Rauni

Inda muke da ja shi ne matsayin Tula. Sunanta fim ɗin ya ɗauka, amma shawarar tana hannun maza uku: sarki, boka da saurayi. Angela Carter, a *The Bloody Chamber* (1979), ta sake tatsuniyoyin Turai ta mayar wa budurwa bakinta. *Toula* ya tsaya ga tausaya mata.

5. Kammalawa

Duk da haka ba mu goyon bayan masu son a tausasa wa matasa irin wannan ƙarshe. Da Ado ya iso a kan lokaci, da an tashi ana yabon jarumi, an manta da fada. Jinkirinsa ne ya bar laifin a wuyan masu shi.